Shekarar da Muka Hutar da Arvo

"Lyle, ajiye min shebur ɗina."

Ina tsakiyar garejinsa, na rungumo shebur uku a ƙirjina, na juyo na gan shi tsaye a ƙofar da ke shiga kicin. Kayan barci ne a jikinsa da silifa, 'yar robar asibiti mai ɗauke da sunansa tana nan a wuyan hannunsa ba a yanke ba. 'Yarsa Kirsten tana bayansa, tana yi min alama da hannu in wuce kawai.

"Aro zan yi, tsoho," na ce. "Ƙotar nawa ta karye."

"Har uku? Hannu nawa gare ka?"

"Biyun gyara za a yi musu."

"Ji dillalin mota," in ji shi. "Ka tsufa kana sayar wa mutane gwangwani da sunan mota, amma har yau ba ka iya ƙarya mai kyau ba."

Kirsten ta dafa kafaɗarsa. "Baba, don Allah. Likita ya ce ko jakar cefane kada ka ɗauka. Ni na roƙi Kawu Lyle ya tafi da su."

"Wane likita? Wancan da ko gemu bai fara ba?"

"Shi ɗin dai ya buɗe maka jijiyar zuciya."

Bai kula ta ba. Ni yake kallo. Na gyara riƙon shebur ɗin na fita ta babbar ƙofa, bakunansu suna karo da juna suna ƙara har na tsallaka titi. Na rataye su a can ƙuryar garejina, bayan tsofaffin tayoyi.

Arvo Niemela maƙwabcina ne, gidansa yana kallon nawa a layinmu da ke saman tudu a Duluth, gari mai tsananin sanyi. Aikin loda tama a jiragen ruwa ya yi a bakin tafki har ya yi ritaya. Matarsa Helmi ta rasu ba da daɗewa ba bayan haka. Daga nan ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, kafin ka gama murza ido za ka ji ƙarar shebur ɗinsa yana kankarar siminti daga ƙarshen layi. Gida-gida yake bi, ya share matakala, ya fitar da hanyar ƙafa, ya buɗe bakin gareji. Ka miƙa masa kuɗi, ya kalle ka kamar ka zagi uwarsa. Kofi kawai yake karɓa, shi ma a tsaye a bakin ƙofa, hularsa na ɗigar ruwa a kan tabarmar goge ƙafa. A gidan Dolores Vukelich, wadda mijinta ya rasu, ana haɗa masa da burodi mai kirfa. A gidana zagi muke haɗa masa da shi, ni da shi mu yi ta yi har kofin ya huce.

A layinmu ba mai ƙwanƙwasa ƙofar wani babu dalili. Ka dawo daga unguwa, ka danna rimot, gareji ya buɗe baki ya haɗiye ka da motarka, shi ke nan, sai bazara a ga fuskarka. Daga bakin Arvo muke jin wa ya kwanta rashin lafiya, famfon wa ya daskare, jikan wa aka kora daga aiki.

To a ƙanƙarar farko ta bana sai ya faɗi a matakalar Dolores, shebur a hannu. Ita ta kira motar asibiti. Ni na ga fuskarsa lokacin da ake ɗaga shi, ta koma kamar toka. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wani tsoho da shebur ya kashe. Kawuna haka ya tafi. Saboda haka da Kirsten ta sauka daga Phoenix, gari mai nisa inda take aiki, idonta a kumbure, ta zauna a falona tana cewa ba ta san yadda za ta yi da shi ba, sai na ce mata ta bar min komai.

Ban gama sakandare ba, amma in dai maganar shirya abu ne, ba na bin bayan kowa. Shekaruna a filin sayar da tsofaffin motoci sun koya min abu ɗaya: kowa sauƙi yake nema, ko da bakinsa ya ce ba haka ba. Na bi gidajen layin da waya, na haɗa mu duka muka ɗauki kamfanin ture ƙanƙara guda, na matse su har suka yi mana ragi. Na kira mai shagon kayan aiki na kan kwana, tsohon abokin cinikina, na ce masa in Arvo ya zo neman shebur, a ce sun ƙare. Makullin motar Arvo kuwa Kirsten ta jefa a jakarta.

Ita ma ba ta yi wasa ba. Yarinyar tana da aiki mai kyau, kuma tana son ubanta, wannan ba wanda zai yi musu. Ta sa a riƙa kawo masa cefane da dafaffen abinci har baranda. Magani ya riƙa zuwa ta gidan waya. Ta sa wa fitilun gidan agogo, su kunna kansu da yamma su kashe kansu. Na'urar ɗumama gida tana saita ta daga wayarta a can Phoenix. Ta sayo talabijin da ta cinye rabin bangon falo. Sannan ga kujerar. Ni na raka ta muka zaɓa, ni na yi cinikin. Kujerar lantarki ce mai laushi kamar ƙirjin kaza, tana kwantar da kai, tana ɗaga maka ƙafafu, tana ɗumama baya, tana tausa.

Ranar da aka kawo ta, Arvo ya zagaya ta hannu a baya, kamar yadda nake zagaya motar da na san an taɓa ƙulle-ƙulle a injinta.

"Zauna mana, Baba," in ji Kirsten. "Danna wannan ka ji."

Ya zauna. Kujerar ta yi gurnani, ta kwantar da shi, ƙafafunsa suka yi sama.

"Kai!" ya ce. "Lyle, tana shiga banɗaki a madadin mutum?"

"Wannan sai ka ƙara kuɗi."

Kirsten ta yi dariya har da hawaye. Shi ne karo na farko da na ga ta saki jiki tun zuwanta. Kafin ta tafi filin jirgi ta ba ni makullin gidan na ajiya, ta riƙe hannuna biyu. "Kawu Lyle, ka yi min alƙawari. Ko ya roƙe ka, ko ya zage ka, kada ka ba shi."

Na ce na yi.

Da aka sake zuba ƙanƙara, motar kamfanin ta shigo da faffaɗan ƙarfe a goshinta da fitila mai juyawa a kai. Wasu mutum biyu suka diro da injin hura ƙanƙara. Kafin Marlys, matata, ta gama soya ƙwai sun gama layin kaf sun tafi. Na tsaya a taga da kofina ina jin daɗin kaina. Aiki tsaf, ko Arvo bai taɓa fitar da gefen hanya a miƙe haka ba. Can tsallaken titi na hango shi shi ma a tagarsa. Na ɗaga masa kofi. Bai ɗago hannu ba.

Bayan kwanaki sai ga ƙararrawar ƙofata. Na buɗe na ga Arvo, ya rame, wuyansa yana yawo a cikin rigar sanyi.

"A'a! Manyan baƙi. Shigo, tsoho, kada ka daskare min a ƙofa a ce ni na kashe ka."

Bai shigo ba. Ya tsaya a kan tabarmar nan inda ya saba tsayawa.

"Na taka har shagon kan kwana," ya ce. "Wai shebur ya ƙare. Ga su nan rataye a bayan mutumin ina kallonsu, wai sun ƙare. Aikinka ne."

"Ni? Ina ruwana da shagon mutane?"

"Lyle."

"To, nawa ne. Sai me?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarmar. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka, abin da ban taɓa ji ba daga bakinsa.

"Ka ba ni ƙaramin. Na robar nan, marar nauyi. Ba zan bi gidajen layin duka ba. Matakalar baya ta Dolores kawai, inda take fita zuba wa tsuntsaye hatsi. Mutanen nan naka ba sa zagayawa baya."

"Zan gaya musu su riƙa zagayawa."

"Ba ce maka na yi ka gaya musu ba."

"Arvo, a matakalar matar nan ka faɗi. So kake ka sake faɗi a can, ta ƙarasa rayuwarta tana ganin gawarka duk ta buɗe ƙofa?"

"Na je da tsintsiya shekaranjiya," ya ce. "Ta leƙo ta taga tana min ihu in koma gida ko ta kira Kirsten. Dolores fa. Ko ƙofar ba ta buɗe ba."

"Don tana son ka ne."

"Kowa yana so na. Na gaji da so."

Marlys ta leƙo daga kicin tana goge hannu. "Arvo, shigo ka zauna mana, ga kofi yanzu na haɗa. Akwai kek ma."

"Na gode, Marlys. Kofin me? Me na yi?"

"Sai ka yi wani abu kafin ka sha kofi a gidan nan?"

Na san amsar, ita ma ta sani. Tsofaffin nan 'yan asalin Finland haka aka gina su. Ba zai zauna a kujerar wani ya ci ya sha hannu rabbana ba, ko da yunwa za ta kashe shi. Shebur ɗin ne yake kai shi ƙofofin mutane, shi ne kuma yake ba shi fuskar karɓar kofin.

Amma ni a lokacin haushi ne ya kama ni, don na sha wahala a kan shirin nan kuma ba wanda ya ce min sannu.

"Wai tsaya, me ka rasa?" na ce. "Faɗa min abu ɗaya. Gida da ɗumi. Abinci har ƙofa. Talabijin kamar ta gidan sinima. Kujerar da ko ni ban da irinta. Ka san mutum nawa a garin nan ke kwana a ƙarƙashin gada? Ka yi aiki tun kana saurayi, 'yarka ta ce ka huta, sai ka bi mutane kana roƙon wahala?"

"Ban rasa komai ba."

"To?"

"Ban rasa komai ba, na ce maka." Ya ja hularsa ya rufe kunne. "Ka ba ni ko ba za ka ba ni ba?"

"Na yi wa Kirsten alƙawari."

"Kai ɗin? Ka taɓa yi min alƙawarin cewa jar motar nan da ka sayar min ba ta shan mai."

Na yi dariya, na ɗauka mun koma wasanmu. Shi bai yi ba. Ya juya ya sauka matakalata a hankali, yana dafa ƙarfe. A ta ƙarshe ya tsaya, ya sa gefen ƙafa ya ture wata 'yar ƙanƙara da ta maƙale a kusurwa, sannan ya tsallaka.

"Da ka ba shi ƙaramin," in ji Marlys bayan na rufe ƙofa.

"In ya mutu da shi a hannu, ke za ki kira yarinyar?"

Ta koma kicin.

Sanyin bana ya yi tsanani. Aka yi ta zuba ƙanƙara ba ƙaƙƙautawa, motar kamfani tana zuwa tana tafiya. Layinmu bai taɓa yin tsaf haka ba, bai kuma taɓa yin shiru haka ba. Ban san cewa an kwantar da mijin Noreen na gidan ƙarshe a asibiti ba sai da na gani a takardar coci. Marlys takan ce, "Ka leƙa Arvo mana." In ce gobe. Gaskiyar magana ba na son in tsaya a gabansa ya sake yin ƙasa da murya. Na fi iya zaginsa. Kuma duk yamma in na ɗaga labule, fitilar falonsa a kunne take, hasken talabijin yana wasa a bango, hayaƙi yana fita ta bututun rufi, hanyar garejinsa a share. Gida ne na mutumin da ba abin da ke damunsa.

Kirsten ta kira ni sau ɗaya daga ofis. "Kawu Lyle, Baba ba ya ɗaga wayata. Tun maganar shebur ɗin nan sai ya ga dama yake ɗagawa."

"Fushi ne, zai huce. Ga fitilarsa can ina gani."

"Ni ma ina ganin ɗumin gidan a wayata, daidai yake."

"To kin gani. Yana can a kujerarsa kamar gwamna. Yi aikinki, 'yata."

Dolores ce ta kira ni wata safiya. Ko gaisuwa babu.

"Lyle, ka dubi barandar Arvo."

"Me ya same ta?"

"Kwalayen abinci. Na jiya yana kan na wancan karon, na wancan yana kan wani. Masu share ƙanƙara sun jera su a gefe don su sami hanya. Lyle, mutumin nan ko takardar talla ba ya bari ta kwana a barandarsa."

Na zura takalmi na ɗauki makullin. Kwalayen suna nan kamar yadda ta ce, an jera su tsaf a jikin bango, na ƙasan ya daskare ya manne da katako. Na danna ƙararrawa. Na buga ƙofa.

"Arvo! Tsoho! Buɗe, ɗan damfara ne!"

Muryar mai karanta hasashen yanayi kawai nake ji daga ciki. Na sa makulli. Ɗumin gidan ya buge ni a fuska, tare da wani wari da ya sa na san komai tun ban ƙarasa falo ba.

Yana cikin kujerar, ta kwantar da shi rabi, an juya ta ta bar talabijin tana fuskantar taga. Ban san yadda ya ja ta ba, kujerar nan mutum biyu suka shigo da ita. Tana ta ƙugi a hankali, tana tausa bayansa. Na laluba na zare wayarta daga bango. Na kashe talabijin. Na kira lambar gaggawa, na koma bakin ƙofar falo na tsaya.

'Yar sanda ce ta fara isowa, mace mai matsakaicin shekaru. Ta duba shi, ta yi magana a rediyonta, ta dawo wurina.

"Kai ne maƙwabcinsa, yallaɓai?"

"Ni ne. Ga gidana can, mai kallon wannan."

"Yaushe rabonka da shi?"

Na buɗe baki. Ni da nake iya faɗa maka shekarar mota daga jin ƙarar ƙofarta, na kasa cewa ga ranar.

"An ɗan kwana biyu," na ce.

"Shi ma ya yi kwanaki a nan," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta yi faɗan. Ta waiwaya ta sake dubansa. "Fita zai yi ne? Akwai inda yake zuwa da safe?"

Sai a lokacin na dube shi sosai. Da farko fuskarsa kawai na gani na kau da kai. Yana sanye da babbar rigar sanyinsa, an ja zif har wuya. Hularsa a kai. Safar hannunsa biyu a kan cinya, ɗaya bisa ɗaya. A ƙafarsa manyan takalmansa na ƙanƙara ne, ya ɗaure igiyarsu tam har sama.

"A'a," na ce. "Ba inda yake zuwa."

Ta ce ko zan iya sanar da iyalinsa, ko su yi. Na ce ni zan yi. Na fita baranda, na tsaya kusa da kwalayen, na kira Kirsten. Ba zan rubuta kukan da ta yi ba. Da ta sami numfashi sai ta ce, "Kawu Lyle, a ina? Ba a waje ba ko? Ka gaya min ba a waje ya faɗi ba."

"Ba a waje ba."

"A kujerarsa?"

"A kujerarsa. Cikin ɗumi."

"To na gode wa Allah," ta ce tana sheshsheƙa. "Aƙalla bai wahala ba. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ko ba haka ba?"

"Kin yi, 'yata," na ce. Maganar kayan da ke jikinsa ban yi mata ba.

Dolores tana tsaye a ƙofarta da mayafi a kafaɗa, ta toshe baki da hannu. Marlys ta fito ba ko rigar sanyi, ta tsallaka wurinta. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofin layin suka riƙa buɗewa, mutane suka tsaya a matakalunsu da aka share tas, suna kallon juna.

Na koma ciki jiran masu ɗaukar gawa. 'Yar sandan ta ce kada in taɓa komai, na ce to. Na jawo kujerar katako daga kicin na zauna a bakin falo. Daga nan ba na ganin fuskarsa, sai ƙafafunsa da kujerar ta ɗaga sama. An fara zuba wata sabuwar ƙanƙara, siririya, tana sauka a jikin gilashin taga. Ƙasan takalman yana fuskantar tagar, a bushe, ko ɗigon laka babu.